Tambayoyi da amsoshi kan bibiya a intanet: yadda mai sakin hotuna da bidiyo a Yamai za ta gane mai bin sawunta, ta kuma kare kanta

Waɗannan tambayoyi sun shafi duk macen da ke fitowa a intanet, tun daga mai tallan atamfa da turare a TikTok har zuwa wadda ke sayar da hotunan tsiraici ga manya a shafukan biyan kuɗi ko a rufaffen zauren Telegram. Na fi karkata ga ta biyun, domin a ganina ita ce mai bibiya ya fi raina, kuma ita ce ta fi rasa wanda za ta kai wa kuka. Na yi magana da "ke" saboda mata ne suka fi shan wannan wuya, amma namijin da ya sami kansa cikin irin wannan hali zai amfana da kusan duk abin da ke nan.

Mece ce bibiya, kuma me ya raba ta da sha'awar mai kallo?

Mai kallo yakan kalla, ya yi sharhi, ya biya in abin na biya ne, sannan ya kama gabansa. Mai bibiya ba ya kama gabansa. Shi ne mutumin da ya nace wa rayuwarki bayan kin nuna masa iyaka, ko wanda yake tattara labarinki a ɓoye domin ya tsallaka daga sunan da kike amfani da shi a allo zuwa ke kanki, da sunanki na yanka, da gidanku, da iyayenki. Saƙo ɗaya mara daɗi ba bibiya ba ne, rashin ladabi ne. Amma idan abin ya zama maimaici, kika toshe shi ya dawo da wani suna, kika yi shiru ya ƙara ƙaimi, har kika fara sauya hanyar da kike bi ko lokacin da kike fita saboda shi, to bibiya ce, ko da bai taɓa furta kalmar barazana ba.

Ga masu sayar da hotunan manya akwai wani ruɗi da yake yawan shiga kan mai saye. Mutum yakan biya kuɗi wata da watanni, ya saba da muryarki da fuskarki, sai ya fara jin kamar akwai wani alkawari a tsakaninku. Kuɗin da ya biya na abin da ya kalla ne, ba sadaki ba ne, kuma bai sayi damar sanin inda kike kwana ba.

Waɗanne alamu ne ya kamata su sa in fara lura?

Alamar farko ita ce tambayar da ba ta da alaƙa da abin da kike yi. Zai ce: "Ranki ya daɗe, wace unguwa kike, ko muna kusa?" ko "Wace makaranta kika yi, kamar na san fuskarki?" Yana yin ta cikin fara'a, a tsakiyar yabo, kuma ba ya tambayar komai a rana ɗaya. Yau zai ji cewa kina ƙetara gada kafin ki kai gida, gobe ya ji cewa yayanki yana da shago, jibi ya ji ranar bikin ƙawarki, a hankali yana haɗa su kamar mai tsintar hatsi.

Ta biyu ita ce ya gaya miki abin da ba ki gaya masa ba. Idan ya ambaci launin mayafin da kika sa jiya alhali ba ki saki hoto da shi ba, ko ya kira ki da sunan da ƴan gida kaɗai ke kiranki, to ba kuskuren baki ya yi ba. Yana so ne ki san cewa ya sani, kuma wannan sanarwar ita kanta tsoratarwa ce. Sai kuma kyautar da ba ki nema ba wadda take buƙatar adireshi ko cikakken suna, da fushi idan kin jinkirta amsa, da kishi a kan sauran masu kallo, da sababbin asusu marasa hoto da suke faɗin magana irin tasa, da neman abota da ƙannenki da ƙawayenki a Facebook. Saƙon da ke ɗauke da lambar tabbatarwa wadda ba ke kika nema ba ma alama ce, domin yana nufin wani yana ƙoƙarin shiga asusunki.

Ban taɓa faɗin unguwarmu ba. Ta yaya aka yi ya san inda nake?

Sau da yawa hoton ne ya faɗa, ba ke ba. A shekarar 2019 an kama wani mutum a Japan da ya gano tashar jirgin ƙasa da wata mawaƙiya ke sauka ta hanyar ƙura wa ƙwayar idonta ido a hotunan da ta saki. Ya ga surar wurin a cikin idon, ya gwada da hotunan titi na taswirar Google, ya jira ta a tashar, ya bi ta har gida ya far mata. Wannan ya faru ne a babban birnin da maƙwabci bai san maƙwabci ba. A Yamai aikin ya fi haka sauƙi ƙwarai, domin mu da alama muke kwatance: bayan tankin ruwa, kusa da kantin magani, gida na uku daga masallaci. Mutumin da ya girma a Boukoki ko Talladjé ko Harobanda yana iya gane layinsu da ganin launin ƙofa ɗaya ko rubutun da ke jikin wani shago.

Saboda haka ki kalli bidiyonki kafin ki sake shi kamar yadda maƙiyi zai kalle shi. Ki duba abin da ke bayanki: taga da abin da ake hangowa ta cikinta, madubi, allon shagon da ke ɗauke da lambar waya, lambar babur ko mota, kayan makarantar yaron da ya gifta, takardar kuɗin wuta ko ta ruwa da aka ajiye a kan tebur. Ki saurari abin da ake ji, domin muryar ladanin masallacinku sananniya ce ga duk wanda ya taɓa zama a unguwar, haka ma kiran sunanki daga tsakar gida. Akwai kuma abubuwan da mu kaɗai za mu gane haɗarinsu. Ankon biki yana faɗin bikin wa kika je, kuma daga nan sai a san danginki ko ƙawayenki. Zanen lalle iri ɗaya a hoton aiki da kuma hoton da kika sa a shafinki na gida ya isa ya haɗa mutum biyun da kike son raba su, ko da kin rufe fuska, haka ma tabo, da zobe, da labulen ɗaki. A lokacin zafi, in ana ɗauke wuta unguwa-unguwa, cewa "yanzu aka ɗauke mana wuta" a tsakiyar shirin kai-tsaye ya rage wa mai neman ki rabin aiki.

Bayan abin da ido ke gani, hoton da aka ɗauka da waya yana iya ɗaukar bayanan ɓoye, har da ainihin wurin da aka ɗauke shi, idan an bai wa kyamara izinin sanin wuri. Manyan shafuka irin su Facebook da Instagram suna cire wannan daga hoton da jama'a ke gani, amma idan kika aika hoto a matsayin fayil ta WhatsApp ko Telegram ko imel, bayanan suna iya tafiya tare da shi. Ki shiga saitin waya ki hana kyamara sanin wuri. In kina amfani da Snapchat, ki kunna "Mode fantôme" domin kada taswirarsa ta nuna inda kike. Kuma ki mayar da jinkiri ɗabi'a: hoton da kika ɗauka a gidan abinci ko a bakin kogi, kada ya fita sai kin bar wurin.

Lambar wayata da hanyar karɓar kuɗi fa?

Nan ne aka fi samun ɓaraka. Lamba ɗaya takan haɗa komai: ita ce a WhatsApp ɗin da iyaye ke kira, ita ce a TikTok, ita ce a asusun kuɗi. Manhajoji irin su Truecaller suna nuna sunan da wasu suka ajiye lambarki da shi, kuma TikTok da Facebook da Instagram suna iya nuna asusunki ga mutanen da ke da lambarki a wayarsu, in ba ki kashe wannan zaɓi ba. Ta haka ne kawu ko maƙwabci yake cin karo da shafin da ba ki taɓa nufin ya gani ba. Ki raba layin aiki da na gida, ki raba imel, kada ki bar manhajar aiki ta karanta lambobin da ke wayarki, kuma in da hali ki raba wayar ma. A Telegram ki ɓoye lambar gaba ɗaya, ki yi mu'amala da sunan asusu kawai.

Kuɗi ya fi wuya. Wanda zai aiko miki da kuɗi ta ofishin aike, irin su Nita ko Amana ko Al Izza, yana buƙatar cikakken sunanki da lambarki da garin da kike, wato ke da kanki kin miƙa masa abin da yake nema. Kafin ki bai wa baƙo kowace hanyar biya, ki sa aminiyarki ta aiko miki da ƙaramin kuɗi ta wannan hanyar, ku duba tare abin da ya fito a wayarta ko a takardar shaidarta. Abin da ta gani, shi kowane mai saye zai gani. Shafukan da ke karɓar kuɗi da kansu sannan su biya ki, kamar OnlyFans da aka kafa a Ingila a 2016, ba sa nuna wa mai saye sunanki na gaskiya, kuma suna ba da damar hana masu kallo daga ƙasar da kika zaɓa. Wannan yana rage haɗari amma ba ya kawar da shi, domin akwai manhajojin da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, kuma ɗan unguwarku da ke zaune a Faransa ko Libiya yana gani kamar kowa.

Baƙo ne yawanci, ko wanda na sani?

Kada ki taƙaita zato ga baƙo. Da ɗan gari akan ci gari, kuma idan mai bibiya ya san abubuwan da ba sa cikin kowane bidiyo, to ki duba kusa: tsohon saurayi ko tsohon miji, ƙawar da kuka ɓata, wanda ya taɓa taya ki ɗaukar hoto, wanda ya buɗe miki asusun tun farko kuma har yanzu ya san kalmar sirri. Wanda ya riƙe wayarki na minti biyu tana buɗe yana iya haɗa WhatsApp ɗinki da kwamfutarsa, ya dinga karanta saƙonninki daga nesa. Ki buɗe "Appareils connectés" a cikin WhatsApp, ki fitar da duk na'urar da ba ki sani ba, sannan ki kunna "Vérification en deux étapes", wato ƙarin lambar sirri da ke tsare asusun. Ki yi irin wannan dubawa a Google da Facebook da TikTok, domin kowannensu yana nuna na'urorin da suka shiga asusun. Kalmar sirri kuwa kada ta zama shekarar haihuwa ko sunan ɗa, kuma kada ɗaya ta buɗe ƙofa biyu.

Wurin gyaran waya ma abin lura ne. Yawancin masu gyara mutanen kirki ne masu neman halak, amma wayar da ke ɗauke da hotunan sirri ba abin da za a bari a buɗe a tafi ba ne. Ki kwashe abin da ke ciki kafin ki kai ta, ko ki zauna a gyara a gabanki. Akwai kuma manhajojin leƙen asiri da ake dasawa a waya a ɓoye. Batirin da ke ƙarewa da wuri ba hujja ba ce shi kaɗai, amma idan ya haɗu da manhajar da ba ki san ta ba mai izinin ganin wuri da saƙonni, ki nemi wanda kika amince da shi ya duba. Idan wanda kike zargi mutum ne da zai iya kai miki hannu, ki fara tanadin inda za ki fake kafin ki cire ta, domin cirewar tana iya sanar da shi cewa kin gane.

In toshe shi ne, ko in amsa masa domin ya huce?

Lallashi ba ya sa mai bibiya ya huce. Idan ya aiko saƙo hamsin kika amsa na hamsin da ɗaya, abin da ya koya shi ne cewa saƙo hamsin ne farashin amsarki. Ki rubuta masa magana ɗaya, gajeriya, marar zagi: "Malam, kada ka sake tuntuɓata ta kowace hanya." Amfaninta shi ne ta zama shaida cewa kin hana shi. Daga nan kada ki ƙara ce masa uffan, ko ya yi kuka, ko ya rantse, ko ya ce zai cutar da kansa, kuma kada ki sa ƙawaye su mayar masa da martani.

Game da toshewa, ki adana shaida tukuna. Wani lokaci ma ya fi kyau ki rufe sautin saƙonninsa ko ki taƙaita shi ba tare da kin toshe ba, kamar yadda zaɓin "Restreindre" na Instagram yake bayarwa, domin ki ci gaba da sanin ko maganarsa tana ƙara zafi. In karanta saƙonnin yana hana ki barci, ki ba wani amintacce ya dinga dubawa a madadinki.

Wace shaida zan adana?

Ki ɗauki hoton allo na kowane saƙo yadda lambarsa ko sunan asusunsa, da rana, da lokaci za su fito. Ki kwafi adireshin shafinsa, domin suna yana canzawa cikin daƙiƙa. Ki adana saƙonnin murya, da jerin kiran da ya yi, da takardar shaidar duk kuɗin da ya aiko ko ya sa kika aika. Saƙon da ke ɓacewa bayan an buɗe shi, ki ɗauke shi da wata wayar. Ki ware ƙaramin littafi ki dinga rubuta abin da ya faru da ranar da ya faru da wanda ya gani, domin saƙo ɗaya-ɗaya yana iya zama kamar ba komai a idon ɗan sanda, amma jerin wata uku a takarda yana nuna nacin da ake magana a kai. Kada shaidar ta zauna a waya ɗaya tak, ki ajiye kwafi a wani wurin. Idan al'amarin ya yi nauyi, ma'aikacin shari'a da ake kira huissier yana iya duba saƙonnin ya rubuta takardar tabbatarwa, wadda ta fi hoton allo ƙarfi a gaban alƙali.

Na san abin da zuciya take fara cewa shi ne a goge komai domin kada a sake gani. Ki daure, kada ki goge.

Ya ce zai tura wa mahaifina da ƴan unguwa hotunana idan ban biya ba. In biya?

Kada ki biya, kuma kada ki aika masa ƙarin hoto ko ki yarda ku haɗu a madadin kuɗin. Wanda aka biya sau ɗaya ya gano cewa rijiyar tana da ruwa, zai dawo da guga mafi girma, kuma hotunan suna nan a hannunsa ko ya rantse da me cewa ya goge. Ba zan ce miki ba zai aikata ba, domin wasu suna aikatawa. Abin da zan ce shi ne biya ba ya hana shi, jinkirtawa kawai yake yi, a kan farashin da ke ƙaruwa.

Abin da za ki yi nan take shi ne ki adana barazanar, ki ɓoye jerin abokanki a Facebook, ki rufe shafukanki na gida ga baƙi, ki kai rahoton asusunsa ga shafin. Sai kuma abu mafi wuya, wanda kuma ya fi karya lagonsa. Jarin wannan mutum kaf shi ne kunyarki da shirunki. Idan akwai mutum ɗaya a gidanku da zai iya jin maganar daga bakinki kafin ya ji ta daga waje, inna ce, ko yaya, ko gwaggo mai riƙe sirri, to ki gaya mata. Ke kika san gidanku, kuma idan kina tsoron faɗin zai jawo miki duka ko kora, ki fara da wani a waje, kamar lauya ko ƙungiyar mata. Yana da kyau iyali su san cewa yanzu ana iya ɗora fuskar mutum a kan jikin da ba nasa ba da manhajar kwamfuta, don haka wannan barazana tana iya faɗa wa ko wadda ba ta taɓa ɗaukar irin wannan hoto ba.

Hotunan sun riga sun fita. Akwai sauran abin yi?

Akwai. Shafin StopNCII.org, wanda wata ƙungiya a Ingila take gudanarwa tun 2021, yana taimaka wa wanda ya kai shekara 18. Hoton ba ya barin wayarki, tambarinsa na lissafi kawai ake aikawa, sai shafukan da ke cikin tsarin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, su yi amfani da tambarin wajen gano hoton da hana shi. Google ma yana da takardar neman cire hotunan tsiraicin da aka yaɗa ba da yardar mai su ba, da bayanai irin su lambar waya da adireshi, daga sakamakon bincikensa. Idan kuma abin da kika shirya don sayarwa ne aka sace aka watsa, ke ce mai haƙƙin mallakarsa, kuma shafuka da yawa suna cirewa bisa dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998. Sai dai ki yi hattara, domin takardar neman cirewa bisa wannan doka tana neman suna da adireshi, kuma ana iya miƙa su ga wanda ya saka hoton, don haka ya fi kyau lauya ko wakili ya aika da sunansa.

Abin da ya shiga zaurukan WhatsApp kuwa ba ya dawowa, domin yana cikin wayoyin mutane. A nan abin da ya rage shi ne doka a kan wanda ya fara watsawa da waɗanda suka ci gaba.

Me dokar Nijar ta ce, kuma ba zan jefa kaina cikin matsala ba idan na kai ƙara?

Doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 ita ce ke hukunta laifukan intanet a Nijar. Ta haɗa da shiga na'ura ko asusun wani ba da izini ba, da tatsar kuɗi ta hanyar barazanar tona asiri, da ɓata suna, da zagi, da yaɗa abin da ke taɓa mutuncin ɗan Adam. An yi mata gyara a 2022, sannan a watan Yunin 2024 aka sake gyara ta aka dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi. Ana kai ƙara a ofishin ƴan sanda ko na jandarma, ko a rubuta wa mai gabatar da ƙara a kotu kai-tsaye, kuma ƴan sandan bincike da ake kira PJ a Yamai suna da sashen laifukan intanet. Tun da layukan waya da rajistar suna ake sayar da su, masu bincike suna da hanyar gano mai lamba wadda ke ba ki da ita. Akwai kuma hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP, da ake kai wa ƙorafi idan an yi amfani da bayanan mutum ba bisa ƙa'ida ba.

Tsoronki yana da dalili, kuma ba zan ɓoye miki ba. Dokokin ƙasa sun tanadi hukunci a kan abin da ya saɓa wa kunyar jama'a, don haka mai sakin hotunan tsiraici tana iya fuskantar tambayoyi a kan aikinta idan ta je ƙara. Wannan bai wanke mai bibiya daga laifinsa ba, amma yana nufin kada ki tafi ke kaɗai kuma ba shiri. Ki fara ganin lauya, ki gaya masa gaskiya duka, domin sirrin da ke tsakaninku doka ta kare shi, shi kuma ya ba ki shawarar yadda za a gabatar da ƙarar. Wadda ba ta da kuɗin lauya tana iya tuntuɓar hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, ko ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar.

Ai ita ta jawo wa kanta. Me ya sa za a tausaya mata?

Wannan tambaya daga masu kallo take fitowa, kuma sukan ƙara da cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mutum yana da damar ƙin wannan aiki, ya ga haramcinsa, ya yi nasiha ga wadda yake da haƙƙin yi wa nasiha. Amma addinin da ya hana bayyana tsiraici shi ne ya hana leƙen asirin mutane a Suratul Hujurat, shi ne ya yi gargaɗi mai tsanani a Suratun Nur ga masu son alfasha ta yaɗu, shi ne kuma ya yi alkawarin rufin asiri ga wanda ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Mutumin da ya kwana yana kallon mace, ya wayi gari yana neman gidansu, ya nemi kuɗi ko jikinta kafin ya yi shiru, ba wa'azi yake yi ba. Wanda kuma aka turo wa hoton a zaure ya tura gaba yana cewa "Allah ya shirya", shi ma ya ɗauki kasonsa na aikin, domin da hannunsa hoton ya shiga wasu wayoyi. Ba mu san abin da ya kai kowace mace ga wannan hanya ba, kuma wadda aka tona wa asiri aka kore ta daga gida ba ta ƙara kusantar shiriya ba.

Idan ya bar waya ya zo ƙofar gida fa?

Wannan ya tashi daga matsalar intanet ya zama haɗari ga rai. Ki kira ƴan sanda a lamba 17, kada ki fita wurinsa, kuma kada ki yarda da haɗuwar "a zauna a sasanta" ke kaɗai. Ki nuna wa mai gadi ko maƙwabcin da kika yarda da shi hotonsa, ba sai kin yi dogon bayani ba, ya isa ki ce wannan mutum yana damunki. Ki sauya lokutan fita da hanyoyi, kada taksi ko mai babur ya dinga sauke ki daidai ƙofa, kuma kayan da kika yi oda ki karɓe su a wani wuri mai jama'a. Ki duba jaka da babur da mota, domin akwai ƙananan na'urorin bin sawu irin su AirTag, kuma wayoyin iPhone da Android na yanzu suna iya faɗakarwa idan baƙuwar na'ura tana tafiya tare da ke. Idan kina da inda za ki kwana na ƴan kwanaki, ko a wata unguwa ko wurin dangi a Tawa ko Dosso, ki tafi ba tare da kin sanar a kowane shafi ba.

Ƙanwata ce abin ya shafa. Me zan yi mata?

Ɗan'uwa, ka fara da kāre ta, faɗa ya biyo baya in ma akwai shi. Kada ka ƙwace wayar ka goge komai cikin fushi, domin shaidar ce kake ƙonawa, kuma kada ka tara abokai ku je neman mutumin, domin sai ƙarar ta juya kanku. Ka raka ta wurin lauya da ofishin ƴan sanda, ka tsaya tsakaninta da masu surutu, ka lura da cinta da barcinta. Idan ta fara maganar gajiya da rayuwa, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti.

Idan kuwa yarinyar ba ta kai shekara 18 ba, babu maganar aiki ko yarda. Duk wanda ya nemi irin wannan hoto daga gare ta, ko ya ajiye, ko ya yaɗa, ya aikata babban laifi. A kai ƙara nan take, kada a tura hoton ga kowa ko da sunan nuna shaida, kuma a yi amfani da shafin Take It Down, wanda aka buɗe domin masu ƙananan shekaru.

Na daina wannan aiki. Shi ke nan na huta?

Dainawa tana rage sababbin masu bibiya, amma tsofaffin hotuna suna iya ci gaba da yawo, don haka ki rufe ƙofar a tsanake. Ki kwashe shaidar da za ki iya buƙata kafin ki goge asusu. Wani lokaci ya fi kyau ki share abin da ke ciki ki riƙe sunan asusun a rufe, domin kada wani ya ɗauke shi ya dinga yaudarar mutane da sunanki. Layin aiki kuma kada ki jefar da shi haka kawai, domin kamfanonin waya suna sake sayar da lambar da ta daɗe ba a yi amfani da ita ba, kuma wanda ya gaje ta zai iya karɓar lambobin tabbatarwa na duk asusun da ke rataye da ita. Ki fara raba lambar da WhatsApp da Telegram da imel da asusun kuɗi, sannan ki bar ta. Bayan haka, lokaci-lokaci ki rubuta tsohon sunan aikinki da sunanki na gaskiya a Google da TikTok da Facebook ki ga abin da ya fito, in kin ga wani abu ki ɗauki hoton allo, ki rubuta ranar a littafinki, ki nemi a cire.